Da me ake auna gwarzon manaja a gasar ƙwallon kwando ta kwaikwayo?

Tambayar da aka yi ita ce: "Muna da gasar ƙwallon kwando ta kwaikwayo mai ƙungiya 30, kowa da tasa, kwamfuta ce ke buga wasannin. Kaka ta ƙare, an ce kowa ya kawo sunan manajan da ya fi kowa iya aiki. Wasu sun ce ba sai an wahala ba, wanda ya ɗauki kofi shi ne. Wasu sun ce a ba wanda ƙungiyarsa ta fi ƙara yawan nasara a kan bara. Ni da me zan auna?"

Ɗan'uwa, duka ɓangarorin biyu ƙungiya suke aunawa, alhali kai manaja aka ce ka auna. Abin da za ka duba shi ne abin da mutum ya tarar a hannunsa ranar da aka buɗe kaka, da abin da ya bari ranar da aka rufe ta, sannan ka tambayi kanka nawa ne cikin bambancin ya fito daga shawarar da shi da kansa ya yanke. Ragowar ta injin wasa ce, da sa'a, da gumin wanda ya riƙe ƙungiyar kafin shi.

Mu fara da masu cewa kofi. Ko da manhajar Basketball GM kuke amfani, ko Fast Break Pro Basketball, ko Draft Day Sports, ko NBA 2K, duk abu ɗaya suke yi a ciki: injin yana ɗaukar ƙimar 'yan wasa, ya haɗa ta da ƙuri'a, ya fitar da sakamako. A ce ƙungiyarka ta fi duk wadda za ta haɗu da ita ƙarfi, har tana da damar cin kowane wasa da kashi 60 cikin 100. A karawar da ake neman wanda ya fara cin wasa 4 cikin 7, damarka ta wucewa kusan kashi 71 ce. Kofi kuwa sai ka wuce irin wannan karawar sau 4 a jere. Ka riƙa ɗaukar kashi 71 na abin da ya rage har sau huɗu, za ka ga damar ta dawo kusan kashi 25. Wato ƙungiyar da ta fi kowa a fili, sau uku cikin huɗu hannu rabbana za ta koma. Idan kuka ɗaure kambun manaja a jikin kofi, rabin abin da kuke karramawa ƙuri'ar kwamfuta ce. Ga shi kuma wanda ya ɗauki kofi ya riga ya karɓi ladansa.

A NBA ma, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, an raba abubuwan biyu. An fara ba da kyautar gwarzon jami'in ƙungiya a kakar 1972-73, Joe Axelson ne ya fara karɓa, kuma jami'an ƙungiyoyin ne da kansu ke zaɓen gwaninsu. Kyauta ce ta wasannin kaka, kafin zagayen fidda gwani, wato karawar neman kofi da ake yi a ƙarshe. Shi ya sa a 2019 Jon Horst na Milwaukee Bucks, wanda ƙungiyarsa ta ci wasa 60, ya karɓe ta, duk da cewa Masai Ujiri na Toronto Raptors ne ya yi kasadar da ta fi kowace girma a shekarar: ya ba da DeMar DeRozan, ɗan gaban goshin magoya bayan Toronto Raptors, ya karɓo Kawhi Leonard da saura masa shekara guda a kwantiragi, kuma ya ɗauki kofi da shi. Ban ce lallai ku bi tsarin NBA ba. Ku kuna da damar jira har a gama komai, kuma ni na fi son a jira. Zagayen fidda gwani yana nuna abin da kaka ke ɓoyewa, misali ko ƙungiyar tana da mutum 7 ko 8 da za a iya dogara da su idan wasa ya yi zafi. Sai dai ka ɗauke shi a matsayin ƙarin hujja, kada ya zama shi ne alƙali.

Masu cewa a duba ƙarin nasara sun fi kusa da gaskiya, amma awonsu yana da rami. San Antonio Spurs ta ci wasa 20 kacal a kakar 1996-97, sannan ta ci 56 a kakar da ta biyo baya. Wanda ya ga lambobin nan kawai zai rantse an yi wani babban aiki a ofis. Abin da ya faru shi ne David Robinson ya ji rauni, wasa 6 ya buga a waccan kakar, ƙungiyar ta faɗi warwas, ƙuri'a ta ba ta zaɓin farko a zaɓen sababbin 'yan wasa, ta ɗauki Tim Duncan wanda ko yaro ya san shi za a ɗauka, Robinson kuma ya warke ya dawo. Kwatanta da Boston Celtics da ta tashi daga 24 zuwa 66 a kakar 2007-08. Can ma akwai raunin Paul Pierce da ya ja adadin bara ƙasa, amma manajanta Danny Ainge ya zauna ya ƙulla ciniki biyu da suka kawo Ray Allen da Kevin Garnett cikin bazara guda, kuma ya biya da matasan da shi ya tara. Tsalle biyun sun yi kama a takarda. Ɗaya aka tsinci dami a kala, ɗaya aka yi aiki. A gasarku ma haka za ka binciki duk wanda ya yi tsalle: wa ya ji rauni bara, wa ya dawo bana, wane matashi ne injin ya ɗaga ƙimarsa ba tare da manajan ya ɗaga yatsa ba.

Kuma kada ka yarda da adadin nasara da kansa fiye da kima. A kaka mai wasa 82, ƙungiyoyi biyu da ƙarfinsu yake daidai wa daida, sa'a kaɗai tana iya ɗaga kowace ko ta sauke ta da wasa 4 ko 5. Tazarar maki ta fi riƙon amana, wato matsakaicin abin da ƙungiya ke ci a wasa idan an cire abin da ake zura mata. Masu lissafin ƙwallon kwando suna ƙiyasta cewa kowane maki guda na wannan tazarar yana daidai da nasara kusan 2.7 a kaka. Don haka ƙungiyar da ta ci 52 da tazarar maki 1 kawai, wasannin da ake ci da kyar ne suka faɗo mata, badi za ka gan ta ta dawo inda take. Wadda ta ci 47 da tazarar maki 5 ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba.

To ta yaya ake auna abin da mutum ya gada? A nan gasar kwaikwayo ta fi ta gaske sauƙi, domin komai a rubuce yake. Nemi jerin 'yan wasan ƙungiyar na ranar farko ka ajiye shi gefen na yau. Dubi ƙarfin manyan 'yan wasa da shekarunsu, da kuɗin da aka ɗaure a kwantiragi da tsawon lokacinsa, da guraben zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyar ke riƙe da su na shekaru masu zuwa, da sararin da ya rage ƙarƙashin iyakar albashi, wato jimillar kuɗin da doka ta yarda ƙungiya ta biya 'yan wasanta. Waɗannan su ne dukiyar ƙungiya, kuma kowane ɗaya ana iya sayar da shi a sayi ɗan'uwansa. Kowa zai iya ƙara nasara 10 bana idan ya yarda ya zubar da guraben zaɓensa na shekara 4 ya kwaso tsofaffi. Wannan canjin kuɗi ne kawai, daga aljihun gobe zuwa na yau. Gwanin shi ne wanda jimillar dukiyar ta ƙaru a hannunsa: ƙungiyar ta ƙara ƙarfi, kuma bai ci bashin da zai karya ta nan da kaka biyu ba.

A ce ga manaja biyu. Na farko ya tarar da ƙungiyar da ta ci 58 bara, taurarinta biyu suna kan ganiyarsu, ya sabunta musu kwantiragi, ya ƙara mutum ɗaya a benci, ya ci 61. Na biyu ya karɓi ƙungiyar da wani ya gudu ya bari, albashi ya haura iyaka, ɗan shekara 34 ne ke cin kaso mafi tsoka, babu gurbin zaɓen zagayen farko na bana. Ya samu wanda ya karɓi tsohon, ya dawo da gurbi guda, ya ɗauko mutum biyu a mafi ƙanƙantar albashi suka zama 'yan biyar ɗin farko, ya tashi da nasara 41 kuma yana da sarari badi. Ni na biyun zan rubuta ba tare da dogon tunani ba. Amma kada a raina na farkon. Riƙe babbar ƙungiya ƙarƙashin iyakar albashi, a san wanda za a biya da wanda za a sallama kafin ya fara gangarowa, aiki ne da ba ya surutu, kuma masu zaɓe sun saba tsallake shi don ba a ga musaya mai ƙara ba.

Idan ka zo kan kowace shawara, ka auna ta da abin da aka sani ranar da aka yanke ta. Wanda ya ba matashi mai lafiya kwantiragi a farashi mai kyau, sai injin ya karya masa gwiwa a wata na biyu, bai yi kuskure ba. Wanda ya ɗora albashi mafi girma na shekara 5 a kan ɗan shekara 32, ko da bana ya yi masa rana, ya yi kuskure, lokacin biyan ne bai zo ba. Haka zaɓen sababbin 'yan wasa. A yawancin manhajojin nan ana nuna hasashen inda yaro zai kai, don haka ɗaukar wanda ya fi kowa hasashe da gurbi na 1 ba gwaninta ba ce. Gwaninta tana can ƙasa, inda aka tsinto irin su Manu Ginobili a gurbi na 57 a 1999, da Draymond Green a na 35 a 2012, da Nikola Jokic a na 41 a 2014. Ko a can ɗin ma ka yi hattara, domin a kwaikwayo girman ɗan wasa, wato ƙaruwar ƙimarsa, ƙuri'a ce ake kaɗawa a farkon kowace kaka. Yaro ɗaya da ya yi tsalle daga zagaye na biyu ya zama tauraro, sa'a ce. Manajan da kaka uku a jere yake fito da mai amfani daga inda kowa ya wuce, shi akwai abin da yake gani.

Musaya ita ce inda rigimar take, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Matsala ta farko lokaci ce. A 2013 Ainge ya aika Garnett da Pierce da Jason Terry zuwa Brooklyn Nets, ya karɓi guraben zagayen farko na 2014 da 2016 da 2018, da damar musanya gurbi a 2017. Brooklyn ta ci wasa 44 a kakar farko, Pierce ya tafi bayan shekara guda, ba a jima ba ƙungiyar ta koma cin 21 da 20, guraben kuwa suna hannun Boston. Daga cikinsu Jaylen Brown ya fito a 2016, ta hanyarsu kuma aka kai ga Jayson Tatum a 2017. Ainge bai karɓi kyautar komai a kan wannan cinikin ba, sau ɗaya ya taɓa karɓarta, a 2008. Haka Sam Presti na Oklahoma City Thunder: a 2019 ya ba Los Angeles Clippers Paul George, ya karɓi Shai Gilgeous-Alexander da Danilo Gallinari da guraben zagayen farko 5 da damar musanya 2. Ƙungiyarsa ta ci 44, ta ci 22, ta ci 24, ta ci 40, ta ci 57, sai a 2025 da ta ci 68 aka ba shi kyautar, shekara 6 bayan cinikin da ya haifi komai. Kyautar da ake bayarwa kaka-kaka ba ta iya ganin irin wannan aikin a kan kari. Maganin da nake ba da shawara shi ne ku yarda mai gabatar da suna ya kawo hujja daga kaka biyu ko uku da suka wuce, muddin manajan nan ne ya yi cinikin da hannunsa kuma bana amfanin ya fito.

Matsala ta biyu ta fi muni, kuma ta gasar kwaikwayo ce ta musamman. A NBA wanda ke ɗaya ɓangaren ƙwararre ne da ma'aikata a bayansa. A gasarku yana iya zama wanda ya shigo makon jiya bai ma gama karanta dokoki ba, ko wanda ya gaji yana shirin ajiye ƙungiyar bai damu da abin da zai bari ba, ko ƙungiyar da babu kowa a kanta kwamfuta ke riƙe da ita. Kowace gasa tana da mutumin da, da zarar an sanar da sabon shiga, kafin a ce masa sannu da zuwa ya riga ya aika masa tayi uku. Irin wannan mutumin ƙungiyarsa kullum tana sama, kuma a takarda duk musayarsa riba ce. Kada ka saka masa. Idan kuka ba shi kambu bana, badi mutum biyar za su koyi sana'ar, sababbin shiga su riƙa gudu bayan kaka guda suna barin kufai. Ko NBA sai da ta kafa dokar hana ƙungiya zama babu gurbin zagayen farko shekaru biyu masu zuwa a jere, bayan ɓarnar da Ted Stepien, mai ƙungiyar Cleveland Cavaliers a lokacin, ya yi da gurabenta a farkon shekarun 1980. Don haka idan ka buɗe jerin musayar ɗan takara, kafin ka dubi abin da ya samu, dubi da wa ya yi. Ka tambayi kanka: da tsohon hannu aka kai wa wannan tayin, zai karɓa? Cinikin da nake girmamawa shi ne wanda aka yi da mai wayo, kowa ya samu abin da yake nema, amma ɗaya ya fi ɗaya hangen nesa.

Kusa da wannan akwai maganar sanin injin. Manajan da ya zauna ya gano cewa manhajarku tana fifita masu jefa ta maki uku, ko tana hukunta ƙungiya mai yawan zubar da ƙwallo fiye da yadda ake zato, ya gina ƙungiyarsa a kan haka, ya yi aikinsa, kuma wannan na cikin abin da ya kamata a yaba. Wanda ya gano kafar da ta ɓalle, kamar dabarar da ke sa kwamfuta ta amince da kowane tayi, ko hanyar zille wa iyakar albashi da mai rubuta dokar bai hango ba, ya yi shiru yana ci, wannan daban ne. Na farko ilimi ne da kowa zai iya nema. Na biyu abu ne da ya kamata a kai wa kwamishinan gasa a toshe.

Sai masu faɗuwa da gangan. Kusan kowace kaka za a sami wanda zai ce a ba wane, ai ya tara gurbi 9 da matasa 4. Sam Hinkie ya yi wannan a Philadelphia 76ers, ƙungiyar ta ci 19, ta ci 18, ta ci 10, ya samo Joel Embiid a hanya, amma ya bar kujerar a Afrilun 2016 kafin a ga amfanin, kuma a 2019 NBA ta daidaita ƙuri'ar, ta bai wa ƙungiyoyi uku na ƙasa kowace kashi 14 kawai na damar samun zaɓin farko. Shi aƙalla ya biya da kujerarsa. A kwaikwayo faɗuwa kyauta ce: babu mai ƙungiya da zai kore ka, babu 'yan kallo da za su ƙaurace, babu ɗan wasan da zai ce ya gaji da shan kashi. Rushewa kowa ya iya. Ka jira shi sai ranar da ya mayar da guraben nan ƙungiyar da ke cin wasa, a ranar ka tuna masa da cinikin da ya yi tun farko.

Abu ɗaya da ke ɓata zaɓen nan fiye da komai shi ne farin jini. Akwai wanda kullum yana nan, yana rubuta rahoton wasanni, yana taimakon sababbi, yana sa kowa dariya. Gasa ba ta rayuwa sai da irinsa, kuma ya cancanci a ware masa kyautarsa daban. Amma idan ba a ware ba, ƙuri'un manaja za su zarce wurinsa ko da ƙungiyarsa ba ta motsa ba.

A wajen tsari, kada a karɓi suna tsirara. Duk mai gabatarwa ya rubuta shawara biyu ko uku takamaimai da ɗan takararsa ya yanke, kada kuma kowa ya kawo kansa. Kowa ya jera mutum uku, na ɗaya maki 5, na biyu 3, na uku 1, a aika wa kwamishina a asirce, don idan a fili ake yi za a koma ba ni gishiri in ba ka manda, kuma waɗanda suka makara za su bi inda suka ga jama'a ta karkata. A rufe zaɓen kafin a kaɗa ƙuri'ar girman 'yan wasa ta sabuwar kaka, in ba haka ba mutane za su riƙa hukunci da abin da babu wanda ya sani lokacin da ake aikin. Idan an yi canjaras a raba, ba abin kunya ba ne, a 2011 Pat Riley da Gar Forman tare suka karɓi kyautar NBA.

Takardar taka ba sai ta yi tsawo ba. Wani abu kamar haka ya isa: "Na gabatar da manajan ƙungiya kaza. Ya karɓe ta tana da tazarar maki 4 a ƙasa, albashi ya wuce iyaka. Ya sayar da tsohon ɗan tsakiyarsa tun kafin ƙimarsa ta faɗi, kuma da gogaggen manaja ya yi cinikin. Mai tsaron bayan da ya ɗauko a mafi ƙanƙantar albashi ya buga minti 30 a kowane wasa. Ya gama da tazarar maki 3 a sama, gurabensa duka suna hannunsa. Abin da ba nasa ba: raunin da ya samu babban abokin hamayyarsu a rukuni ya ƙara masa wasa biyu ko uku." Wannan layin na ƙarshe kada ka bar shi. Masu zaɓen sun kalli kakar nan kamar yadda ka kalla, kuma idan ba kai ka ambaci sa'ar ɗan takararka ba, mai goyon bayan wani zai ambata maka ita.